Ta ina ƙungiyar 'yan sa-kai za ta fara tara wa asibiti kuɗi?

Kin ce ku goma ne, kuna so ku riƙa tara kuɗi don taimaka wa marasa lafiya, kin kuma tambayi ta inda za ku fara. 'Yar'uwa, kafin ku karɓi ko sisi, ku je wurin hukumar asibitin ku samo izini a rubuce. Sannan ku buɗe asusun banki da sunan ƙungiya, wanda sai mutum biyu sun sa hannu kuɗi zai fita. Asusun mutum ɗaya, ko da mai gaskiya ne, shi ke kawo zargi.

Hanyoyin samu sanannu ne: karo-karon mambobi, gidauniya, sayar da kayan da aka ba da kyauta, ko ɗan shago a harabar asibiti.

Inda aka fi tuntuɓe shi ne wajen kashewa. Kada ku yanke shawara daga ɗakin taro. Ku tambayi ma'aikatan jinya, su ne suka san cewa keken guragu ɗaya ake ja-in-ja a kansa, ko wani an sallame shi ba kuɗin mota. Kuɗin magani kuwa ku biya da kanku ku karɓi rasit. Hoton majinyaci kuma, sai da yardarsa.