Tambaya da Amsa: Bidiyon Ɗalibai a Facebook da Zauren WhatsApp na Aji

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni malama ce a wata makarantar sakandare ta 'yan mata a Zariya. Na buɗe wa ajina zaure a WhatsApp domin tura aikin gida, kuma a watan jiya na ɗauki bidiyon muhawarar da ɗalibaina suka yi, na sa a Facebook don in ƙarfafa musu gwiwa. Mahaifin ɗaya daga cikinsu ya zo makaranta ransa a ɓace. Shin laifi na yi, kuma ya kamata in rufe zauren?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malama. Babu shakka niyyarki ta alheri ce, amma gaskiya tana wajen mahaifin yarinyar. Da zarar bidiyo ya hau Facebook ya fita daga hannunki, domin wani zai iya sauke shi, ya yanke daidai wurin da yarinya ta yi tuntuɓen harshe, ya ɗora masa kiɗa ya watsa a TikTok, kuma ko kin goge naki, wanda ya shiga wayoyin mutane yana nan. Ga fuskarta a fili, ga bajon makaranta a jikin hijabinta, abin da ya ishi baƙo ya san inda take zuwa kowace safiya. Wannan shi ne ya fi damuna a cikin wasiƙarki. Dokar kare bayanan jama'a da Najeriya ta kafa a 2023 ta tanadi a nemi yardar iyaye ko waliyyi kafin a yi amfani da bayanan yaro, kuma hoto da murya suna cikin abubuwan da ake gane mutum da su. Ki sauke bidiyon yau, sannan ki nemi shugabar makaranta ta haɗa ki da mahaifin ki ba shi haƙuri, ba tare da dogon kare kai ba.

Zauren kuwa ban ga dalilin rufe shi ba. Tun 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya ta kwamfuta, saboda haka ɗalibar da ba ta saba karanta tambaya a fuskar na'ura ba, za ta shiga ɗakin jarrabawa da fargaba biyu. Gyara zauren yake bukata. A zauren WhatsApp kowa yana ganin lambar kowa, don haka ki sake gina shi da lambobin iyaye, tunda dama yawancin 'yan matan da wayar mahaifiyarsu suke amfani. Ki saita shi yadda masu kula da zaure kaɗai ke iya tura saƙo, ki sa wata malama ta zama abokiyar kulawarki, kuma ki guji yi wa ɗaliba saƙo ita kaɗai, musamman da dare.

Akwai kuma yarinyar da gidansu babu babbar waya, ko akwai amma kuɗin data ya gagara, wadda kunya ba za ta bar ta ta faɗa miki ba. Duk aikin da kika tura zaure, ki rubuta shi a allo kafin a tashi, kuma kada ki rage wa kowa maki saboda ba ta ga saƙo ba.