Filin Tambaya da Amsa: Koci Ya Ce Zai Kai Ni Ƙara

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a jihar Ohio ta Amurka. Bana na fara alƙalancin wasan sofbol na 'yan mata 'yan ƙasa da shekara 14. Asabar da ta wuce na fitar da wata yarinya a tasha ta biyu saboda an taɓa ta da ƙwallo kafin ƙafarta ta kai. Kocinta ya taso mini da hayaniya a gaban iyaye, ya ce zai kai ƙara. Na yi ta musu da shi har muryata ta dushe. Ina na yi kuskure? Naka, ƙaninka a Columbus.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena. Da na karanta wasiƙarka sai na tuna shekarun da na yi a Maryland ina wannan aiki, da safiyar Asabar, takalmi duk jar ƙasa.

Bari in ɗan yi wa sauran masu karatu bayani. Sofbol ƙanin wasan besbol ne, an ƙirƙiro shi a Chicago a 1887. Ana jefa ƙwallon ta ƙasa da hannu, ɗan wasa ya buge ta da sanda, ya zagaye tasha huɗu, tsakanin kowace da 'yar'uwarta ƙafa 60. Zagaye bakwai ake yi a wasa, a kowanne ƙungiyoyin biyu kan karɓi bugu bi da bi. Wanda masu tsaro suka fitar ya rasa damarsa a wannan karon, ba korarsa aka yi daga wasan ba. Ya shiga gasar Olamfik a Atlanta a 1996.

Kuskurenka shi ne musun. A dokokin USA Softball, hukumar wasan ta Amurka da ke Oklahoma City, hukunci iri biyu ne. Akwai na abin da idonka ya gani: ta riga ƙwallo isa ko ƙwallo ta riga ta, jifa ya shiga inda doka ta ware a gaban mai bugu ko bai shiga ba. Wannan ba a kai ƙararsa ko'ina, kuma yawancin kocin da ke ihun ya san haka. Akwai kuma na fassarar doka. Shi ne koci yake da ikon ƙalubalanta, kuma dole ya faɗa kafin a yi jifa na gaba, in ba haka ba ya makara.

Saboda haka in koci ya nufo ka, fara tabbatar da cewa an tsayar da wasa. Cire garkuwar fuskarka ka riƙe a hannun hagu, ka tsaya a gefensa kaɗan, kada ku yi ƙirji da ƙirji. Ka bar shi ya amayar da abin da ke cikinsa. Sannan ka yi masa tambaya ɗaya: “Koci, abin da na gani kake jayayya a kai, ko doka?” In gani ne, faɗa masa naka sau ɗaya: “Safar hannu ta taɓa cinyarta kafin ƙafarta ta kai.” Shi ke nan, juya ka koma wurinka. Duk kalmar da ka ƙara bayan wannan, itace ka tura wa wuta.

In kuwa doka ce, to ka buɗe kunne sosai, domin yana iya fin ka gaskiya. Ni ganau ne. Akwai dokar da ta ce in aka ɗaga ƙwallo sama a tsakiyar fili inda za a iya cafe ta ba wahala, kuma ba a kai ga fitar da mutum biyu ba, mai bugun ta fita ko da ƙwallon ta faɗi. Sharaɗinta a sami masu gudu a tasha ta ɗaya da ta biyu, ko a duka ukun. An kafa ta don kada masu tsaro su saki ƙwallo da gangan su fitar da mutum biyu a bagas. Wata rana na ɗaga hannu na yanke wannan hukunci alhali yaran suna tasha ta ɗaya da ta uku. Ƙwallo ta suɓuce, mai bugun kuwa ta tsaya cak saboda ta ji muryata. Kocinta, wata dattijuwa mai furfura, ta tako a hankali ta ce, “Duba tasha ta biyu.” Na duba, babu kowa. Gumi ya karyo mini. Na kira abokin aikina muka keɓe, muka gyara, muka sa mai bugun a tasha ta ɗaya, wadda ke can kuma ta matsa ta biyu. Na je wurin ɗayan kocin da ƙafata na ce laifina ne. Ya yi ƙorafi, amma a duk kakar bai sake ɗaga mini murya ba.

Kada ka zaro littafin doka a tsakiyar fili kana buɗe shafi, wurin karatunsa gida ne. Kada kuma ka tanka wa iyayen da ke bayan shingen waya. In abin nasu ya wuce gona da iri, kocinsu za ka sa ya yi musu magana.

Maganar kora kuwa, ina bambanta “hukuncin nan bai yi ba” da “kai maƙaryaci ne”. Na farko a kan aiki ne, ina yin gargaɗi sau ɗaya. Na biyu a kan mutuncinka ne, kuma yara 'yan shekara 13 suna ji, don haka sai kocin ya bar fili. Da ka isa gida ka rubuta wa shugaban alƙalan gasarku rahoto a daren: zagaye na nawa ne, mutum nawa aka fitar, da ainihin kalaman da ya furta. Na Asabar ɗin nan ma zauna ka rubuta yau. Allah Ya ba da sa'ar karatu.