Rikodar Baba ta tauna kaset: yaya zan ceto sauran?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni mazaunin Tudun Wada ne a nan Kaduna. Bayan rasuwar mahaifinmu na tarar da kwali cike da kaset ɗinsa, sun haura ɗari: waƙoƙin kalangu, na kukuma, na fada, wasu ma da hannunsa ya ɗauka daga rediyo. Na sa ɗaya a tsohuwar rikodarsa, nan take ta tauna zaren. Yaya zan mayar da su waya ba tare da na lalata sauran ba? Kuma me ya sa waƙoƙin nan ba sa ratsa ni a waya kamar yadda suke yi a da?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Baba, ya kai haske kabarinsa. Ɗan'uwa, don Allah kada ka ƙara sa wa rikodar nan ko kaset ɗaya tukuna. A cikinta akwai bel, akwai kuma wata 'yar tayar roba da ke matse zare a jikin siririn ƙarfe mai juyawa. Idan inji ya yi shekaru a ajiye, robar takan bushe ta ƙandare, ko ta narke ta yi danƙo kamar kwalta. Sai ɓangaren da ke naɗe zare ya tsaya alhali zaren yana ci gaba da fitowa, ya nannaɗe a jikin tayar. Kai ta wurin dattijon mai gyaran rediyo, wanda ya yi zamanin kaset, ya canza bel da taya, ya goge hed, wato ɗan ƙarfen da ke karanta sauti daga zare, da auduga da sifirit. Sannan a gwada ta da kaset ɗin da ba ka damu da shi ba.

Kafin ta dawo, zauna ka ware kwalin gida biyu. Waɗanda aka saya a kasuwa da hoton mawaƙi a bango, galibi akwai irinsu a hannun wasu. Masu rubutun Baba da biro su ne nake ji wa tsoro. An buɗe Rediyo Kaduna a 1962, kamfanin Philips ya fito da kaset a 1963, kuma da rikoda ta shiga gidaje sai mutane suka riƙa danna jan maɓalli suna ɗaukar abin da suke so, daga rediyo, daga gidan biki, daga ƙofar fada ranar sallah. Mawaƙanmu da yawa a irin waɗannan wurare suka yi waƙoƙin da ba su taɓa maimaitawa ba, domin baitin na wannan rana ne da mutanen da ke zaune. Mai yiwuwa ne abin da ke kan wani kaset ɗin Baba babu shi ko'ina a duniya sai nan. An taɓa kawo min irinsa: ana cikin kiɗan kalangu sai ga carar zakara, sai muryar wata mata tana kiran yaro ya zo ya ɗauki koko. Mai kaset ɗin ya ce in tsayar. Mahaifiyarsa ce, ta shekara ashirin da rasuwa. Mun daɗe babu wanda ya iya magana.

Kowane kaset, ka ɓalle 'yan kunnuwan nan biyu na samansa don kada a danna ɗauka bisa kuskure a shafe. Duba ɗan soson da ke ƙarƙashin zare a tsakiya. Idan ya faɗi, murya ba za ta fita sosai ba. Sa biro a ɗaya daga ramukan kaset ɗin biyu ka juya a hankali ka ji ko yana tafiya. In ka ga farin fumfuna, wanda damunar Kaduna ke kawowa, ware shi gefe, kada ya shafa wa sauran. Masu lamba C120, wato masu minti 120, zarensu ya fi siranta, su suka fi saurin tsinkewa. Wanda ya tsinke kuma kada a liƙa shi da salatif, gam ɗinsa yana tsattsafowa ya manne zaren da ke kusa.

Wajen juyawa, haɗa kebul daga mafitar sautin rikoda zuwa kwamfuta, ka ɗauka da manhajar Audacity, kyauta ce. Ajiye a WAV tukuna, tsarin da ba ya matse sauti: minti ɗaya yana cin kamar MB 10, wato kaset C90, mai minti 90, ya kusa MB 900. Daga shi za ka fitar da MP3 na waya. Kada ka kara waya a bakin sifika, kada kuma ka yi aikin da batirin da ya yi sanyi, domin zaren yana tafiyar santimita 4.76 a daƙiƙa, da ya rage gudu murya za ta yi nauyi ta riƙa ja. Idan sautin ya dushe, akwai ɗan ƙaramin noti a gefen hed. Mai gyara ya juya shi kaɗan-kaɗan yana saurare har kalangu ya washe.

Tambayarka ta biyu kuwa, yawancin abin da ke yawo a waya an juye shi ne daga kaset ɗin da shi ma juyi ne na juyi, aka matse shi, aka yi ta turawa a WhatsApp har amon ganga ya mutu. Naka zai fi su nesa ba kusa ba. Sauran kuma ba aikin inji ba ne: da can a tsakar gida kake ji, bayan isha, Baba yana kishingiɗe a tabarma yana bin amshi. Wannan kewa gaskiya ce, ni ma ina jin irinta.

Bayan ka juya, kada ka zubar da kaset ɗin. Jera su a tsaye cikin gidajensu, nesa da rana, da danshi, da sifika saboda maganaɗisun da ke cikinta. Kuma tun Mama da abokan Baba suna nan, kunna musu ɗaya bayan ɗaya, ka riƙe biro: wane ne ke waƙar, bikin wa, a wace unguwa, wace shekara.