Filin Tambaya da Amsa: Ƙara wa Famfo Mai Fistan Ƙarfin Matsi

Wasiƙun da suka taru mana a wannan karo kusan duk magana ɗaya suke yi: mutum yana da famfo mai fistan, yana aiki lafiya, amma yana son ya ƙara masa ƙarfin turi. Ma'aunin da za mu riƙa ambata shi ne bar. Bar 1 kusan nauyin kilo 1 ne a kan kowane murabba'in santimita, ko matsin ruwan da ya yi tsayin mita 10.

Tambaya: Ina da famfon wanki mai fulanja uku, wato sandunan da ke shiga da fita suna tura ruwa. Faɗin kowace milimita 20, tafiyarta gaba da baya milimita 16, moto na juya shi sau 1,450 a minti. An rubuta bar 100 a jikinsa, ni kuwa 200 nake so. An ce in ɗaure notin bawul ɗin da ke mayar da ruwa baya har ƙarshe. In yi?

Amsa: Don Allah Malam kada ka yi. Famfo irin wannan ba shi ne ke haifar da matsi ba. Aikinsa kawai ya ɗebi ruwa daidai cikinsa ya tura waje, kowane juyi adadi ɗaya. Matsi yana tasowa ne daga abin da ya tare wa ruwan hanya: ƙanƙantar ramin bakin feshi, tsawon tiyo, tsayin da ruwan zai hau. In duk ruwan da famfonka ke turowa yana wucewa ta bakin feshin da kake da shi a bar 100, ko ka ɗaure notin nan har ya ƙare allurar geji ba za ta motsa ba yayin feshi. Sai lokacin da ka saki kunamar bindigar, hanya ta toshe gaba ɗaya, ruwan ya nemi mafita ya tarar ka rufe ta. Nan ne matsin zai yi tsalle har wani abu ya saki: ko tiyo ya fashe, ko kan famfon ya tsage, ko moto ya cije ya ƙone.

Yanzu mu yi lissafin famfonka. Fulanja mai faɗin milimita 20 fuskarta murabba'in santimita 3.14 ce. A bar 100 ruwa yana mayar mata da turi na kusan kilo 320, kuma wannan nauyin ne kwanrod da karanshaf da boris, ƙarafan da ke kai juyin moto ga fulanja, suke ɗauka a kowane bugu. Ka kai bar 200 da wannan fulanjar, nauyin ya zama kilo 640 a kan ƙarafan da aka ƙera don rabin haka. Ba lallai su karye ran farko ba. Za ka fara jin kwanon man yana zafi fiye da da, sai ɗan ƙwanƙwasa a ciki, sai ka ga garin ƙarfe yana sheƙi a cikin mai in ka juye shi.

Sai batun moto. Fulanja uku a wannan gudun suna ba da kusan lita 22 a minti. Ka ninka bar da lita a minti ka raba da 600, ka sami kilowat: 22 sau 100 a raba da 600, kusan 3.7. In aka sa asarar da gogayya ke ci, moton yana bukatar kilowat 4.3 ko kusa. A bar 200 da wannan yawan ruwan kuwa sai ya haura 8.5.

Hanyar da ta dace ita ce a rage faɗin fulanja. Mai milimita 14 fuskarta murabba'in santimita 1.54 ce, wato rabin ta farko. A bar 200 nauyin da ke kan kwanrod ya koma kusan yadda yake, moto ma bai san an canza komai ba. Abin da ka biya shi ne ruwa: daga lita 22 ya faɗo kusan 10.7. Masu ƙera famfo da yawa sun san da haka, shi ya sa suke yin gindi ɗaya, wato ɓangaren karanshaf da mai, su ɗora masa kai iri-iri. Ka duba takardar famfonka ko akwai ɗan'uwansa mai ƙaramar fulanja a kan gindi ɗaya. In akwai, ka sayi kai da fulanja da sil (zoben hana yoyo) da bawul-bawul nasa gaba ɗaya, kada ka haɗa sabuwar fulanja da tsohon kan da aka rubuta wa bar 100. Tiyo, bindiga da duk mahaɗai su ma dole su zama masu ɗaukar fiye da 200. Bakin feshi kuma sai ka sa wanda faɗin raminsa ya kai kusan kashi 60 cikin 100 na tsohon.

Amma kafin ka kashe kuɗi, ka tambayi kanka me kake wankewa. Ƙarfin dukan ruwa yana bin yawan ruwa ne kai tsaye, matsi kuwa tushen murabba'insa kawai yake bi, wato sai matsi ya ninka sau huɗu kafin duka ya ninka sau biyu. Lita 22 a bar 100 ta fi lita 10.7 a bar 200 nauyin duka da kusan kashi 45 cikin 100. Ta biyun ta fi kaifi a wuri ƙarami, ta dace da ɓamɓare fenti ko tsatsa. In laka da kumfa kake korewa, ra'ayinmu shi ne ka bar famfonka yadda yake. Ka fara canza bakin feshin ma tukuna, domin wanda ya ci ya buɗe yana zubar da matsi sosai, kuma da yawa daga masu kukan famfo ya yi sanyi wannan ce kawai matsalarsu.

Tambaya: Tun da na ƙara matsi, sil ba ya yi mini mako biyu sai ya fara yoyo. In na ciro zoben roba sai in ga gefe ɗaya kamar an gutsuttsure shi.

Amsa: Wannan gutsurin shi ne shaidar. Matsi yana cusa robar cikin ɗan tsagin da ke tsakanin ƙarfe da ƙarfe, kowane bugu ya yanke mata ƙaramin yanki, kuma kullum a gefen da ke nesa da ruwa za ka gan shi. Zoben roba na yau da kullum, mai lambar tauri 70, yana jurewa zuwa wajen bar 100. Sama da haka sai mai tauri 90, ko a sa masa zoben tallafi na Teflon a bayansa, a gefen da babu matsi, ya toshe tsagin.

In fakin (jerin zobban hana yoyo) mai siffar V kake amfani da shi, buɗaɗɗen bakinsa ya fuskanci ruwa, don matsin ya buɗe leɓɓansa ya manna su. An sha juya shi baibai. Sannan ka bi jikin fulanjar da farce daga sama zuwa ƙasa. In farcenka ya maƙale a wani zane, sabon sil ma a nan zai mutu. Fulanjar tangaran kuma ka ɗaga ta a haske ka nemi siririn tsagi, wanda yakan zo in famfo ya yi gudu babu ruwa ya yi zafi sannan ruwan sanyi ya shigo masa.

Akwai kuma iyakar da ke cikin ƙirar kanta. A famfo mai fistan na ainihi, kofin fata ko na roba yana tafiya tare da fistan yana gogar bangon silinda. A mai fulanja kuwa sil ɗin yana zaune wuri ɗaya, sanda mai santsi ce ke shiga da fita ta cikinsa. Wannan dabarar, wadda Samuel Morland ya yi wa rajista a Ingila a 1675, ita ce ta fi jure babban matsi har yau. In naka mai kofi ne kuma kana neman ɗaruruwan bar, ba sil za ka canza ba, famfon za ka canza.

Tambaya: In na sa ƙaramin fuli (faifan da bel ke juyawa) a jikin famfo don ya ƙara gudu, matsi zai ƙaru?

Amsa: Geji zai hau, domin ƙarin ruwa na neman wucewa ta rami ɗaya. Ƙarin gudu na kashi 20 cikin 100 yana ɗaga matsi da kusan kashi 44, ƙarfin da moto zai bayar kuma ya ƙaru da fiye da kashi 70. Mutane ba sa tsammanin wannan tsallen.

Babbar illar tana gefen shigar ruwa. Fulanja tana ja da baya da sauri, ruwa bai iya biyo ta ba, sai matsin cikin silinda ya faɗi har ruwan ya yi ƙananan kumfan tururi. Da fulanjar ta dawo sai kumfan su ruguje da ƙarfi. Za ka ji ƙara kamar ana niƙa tsakuwa, tiyo yana karkarwa, in ka buɗe kai ka tarar da kujerun bawul sun yi ramuka kamar cin zago. Maganinsa: tiyon shiga ya fi ƙofar famfo faɗi da lamba ɗaya, gajere, marar lanƙwasa, wanda ba ya tsukewa, matata mai faɗi wadda ake wankewa, tanki sama da famfo, ruwan da ke isowa ya ninka wanda famfo ke sha sau ɗaya da rabi zuwa biyu.

Sau da yawa akasin abin da ka tambaya ne daidai. In famfon an rubuta masa bar 150 amma motonka yana yanke wuta a 100, ka sa wa famfon babban fuli ya rage gudu, ka ƙanƙanta bakin feshi. Kada dai ka sauka ƙasa da mafi ƙarancin gudun da aka rubuta, domin yawancinsu fantsamar mai ce ke shafe boris ɗinsu.

Tambaya: Famfon rijiyarmu na hannu ne, India Mark II, ruwa yana mita 25. Muna so ya riƙa hawar da ruwa tanki mai tsayin mita 8.

Amsa: Ana yi, kuma aiki ne mai kyau. Yadda famfon yake yanzu, ruwa yana hawowa ne ya zuba ta baki don kansa, saman a buɗe yake inda sanda ke wucewa. Don ya tura sama dole a rufe wurin nan da akwatin fakin, sandar da ke wucewa ta cikinsa ta zama ƙarfen da ba ya tsatsa, gogagge sumul. A bakin fita a sa bawul mai hana komawa baya, don ruwan bututun tanki kada ya dawo ya zauna a kan fakin. A kula da ɗaurin fakin ɗin: wannan famfon sarƙa ce ke ɗaga sandarsa, nauyinta ne ke mayar da ita ƙasa, in aka matse da yawa sai sandar ta maƙale sarƙa ta yi sako-sako. A ɗaure shi kawai har ɗigon ya ragu zuwa kaɗan-kaɗan.

Sai nauyin bugu. Silindarsa milimita 63.5 ce, fuska murabba'in santimita 31.7. A mita 25 ruwan da ke kan fistan kusan kilo 79 ne, a mita 33 ya zama kusan 105, ban da nauyin sanduna. Masu bugawa za su ji shi a kafaɗa, musamman yara. Silinda mai milimita 50, faɗin da famfon hannu na Afridev ke amfani da shi, tana sauke shi zuwa kusan kilo 65, sai dai ruwan kowane bugu ya ragu da kusan kashi 40 cikin 100. Kada a sa makullin rufe ruwa tsakanin famfo da tanki. Wani zai rufe shi ya manta, mai bugu ya danna da ƙarfinsa, kofunan fistan ko fakin su tafi.

Tambaya: In na jera famfo biyu, ɗaya na zuba wa ɗaya, matsinsu zai haɗu?

Amsa: Ba mu ba da wannan shawarar ba. Famfo biyu masu fistan ba sa taɓa tura ruwa daidai wa daida, dole ɗaya ya ƙware ko ɗaya ya ji ƙishi, kuma gefen shiga na na biyun ba a yi shi don babban matsi ba. Abin da ake yarda da shi shi ne ƙaramin famfo mai farfela ya ciyar da mai fistan da bar 2 ko 3. In matsi mai tsanani ake nema, akwai na'urar ninka matsi: babban fistan da ƙaramar fulanja a kan sanda ɗaya. In fuskar babban ta ninka ta ƙaramar sau 20, mai a bar 200 yana fitar da ruwa a bar 4,000. Da irinta injinan yanka ƙarfe da ruwa suke aiki. Lissafin fuska biyu ne, irin wanda Joseph Bramah, wani maƙerin Ingila, ya gina matsarsa ta ruwa a kai a 1795, sai dai an juya shi.

Tambaya: Na gama gyara. Yaya zan gwada ba tare da haɗari ba?

Amsa: Bawul ɗin tsira daban, ban da mai mayar da ruwa, shi ne farkon abin da za ka ɗaura, a kan famfon kansa, babu makulli tsakaninsu. A saita shi kashi 10 zuwa 15 cikin 100 sama da matsin aiki. Geji ya zama mai ruwan gilisarin a ciki, wanda ƙarshensa ya kai kusan ninki biyu na matsin aiki. Da ruwa ake gwaji, ba a taɓa yi da iska, domin matsattsiyar iska in ta fasa ƙarfe jifa take yi da gutsattsarinsa.

Ka sassauta notin bawul gaba ɗaya, ka cire bakin feshi, ka bar ruwa ya gudu har ya daina tofar da iska. Ka mayar da bakin, ka riƙa ɗaurewa bar 20 bayan bar 20, a kowane mataki ka tsaya mintoci kaɗan ka auna wutar da moto ke sha ka gwada da abin da ke rubuce a jikinsa. In ka ɗaure allura ta ƙi hawa, ka tsaya nan, ka ɗan sassauta: bakin feshin ne ya kai iyakarsa. Allura mai rawa da yawa tana nufin iska na shiga ko datti ya tokare bawul ɗaya. Bugu mai tsari kuma tulun rage bugu ke kwantar da shi, wanda ake cika wa iskar naitirojin kaɗai, ba oksijin ba. Kada ka bar famfo yana juya ruwa a cikinsa fiye da minti biyu ko uku bindiga a rufe, ruwan yana ɗaukar zafi ya dafa sil. Man da ya koma fari kamar madara kuwa alama ce ruwa ya ratsa zuwa gindi.

Yoyo kuma da guntun kwali ake nemansa, ba da hannu ba. Siririn ruwa daga ramin da ido ba ya gani yana huda fata ya shige cikin nama, a waje sai ɗan ɗigo kamar sukar allura, sau da yawa ba wani zafi da farko. Duk wanda haka ta same shi a kai shi asibiti nan take, a gaya wa likita ruwa ne ko mai, da matsin da ya shiga da shi, domin rauni ne da ake yi wa tiyata cikin sa'o'i kaɗan.