Hukuncin Sanya Koren Kaya a Ranar Saint Patrick

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Muna zaune a Dublin, ƙasar Ayalan. Makarantar 'yata ta aiko da takarda cewa yara su zo da koren kaya, a kuma maƙala musu ganyen nan mai kunne uku da suke kira shamrock, saboda bikin Saint Patrick. Yarinyar ta dame ni da kuka. Ya halatta in sa mata?

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Malama, Allah ya saka miki da alheri da kika tambaya kafin ki aikata.

Patrick malamin Kirista ne na ƙarni na 5. An sato shi daga Birtaniya yana ɗan shekara 16, ya yi kiwo a Ayalan cikin bauta shekara shida, ya gudu, daga baya ya komo yana wa'azin Kiristanci. Ranar 17 ga Maris ita ce ake ɗauka ranar mutuwarsa, don haka asalinta idin coci ne, ko da yake tun 1903 ta zama hutun ƙasa.

Sai a raba tsakanin launin da ganyen, domin ba tushensu ɗaya ba. Launin da aka fara jingina wa Patrick ma shuɗi ne. Kore ya yi ƙarfi ne ta hanyar siyasa, musamman tawayen 1798 da aka yi wa mulkin Ingila. A tutar Ayalan, kore yana nuni ga ɓangaren Katolika, ruwan lemo ga Furotesta magoya bayan sarki William wanda ya ci yaƙin Boyne a 1690, fari a tsakiya kuwa sulhu ne tsakaninsu. Wato yau alama ce ta ƙasa. Kuma kore ba baƙonmu ba ne: Suratul Kahfi aya ta 31 ta siffanta tufafin 'yan Aljanna da shi, Abu Rimsa kuma ya ce ya ga Manzon Allah (SAW) sanye da koren mayafi biyu. Ba wanda ya isa ya haramta launi.

Ganyen ne abin tsayawa. Labarin da suke bayarwa, wanda aka rubuta shi ƙarnoni bayan mutuwar Patrick, shi ne da kunnuwan nan uku ya koyar da aƙidar uku-cikin-ɗaya. Allah kuwa ya ce a Suratun Nisa'i aya ta 171: “Kada ku ce uku.” To maƙala shi a ƙirji a wannan rana takamaimai, shiga ne cikin alamar aƙidar da Alƙur'ani ya kore, ko da mai maƙalawar bai nufi haka ba. Wannan ban ga halaccinsa ba.

Koren riga kawai, malamai sun saɓa. Masu tsanantawa sun kafa hujja da hadisin Abu Dawud cewa wanda ya yi kama da wasu mutane yana cikinsu. Wasu suka ce abin da ya rikiɗe ya zama al'adar ƙasa, hukuncin al'ada yake ɗauka. Ni na fi karkata ga na biyun game da ƙaramar yarinya a aji: ta sa rigarta kore, ba ganye, ba zuwa coci. Idan kika bari gaba ɗaya don tsantseni, ba ki yi laifi ba.

Ki je wurin malamar ajin da sakin fuska ki yi mata bayani, sannan ki zaunar da yarinyar ki faɗa mata dalili daidai hankalinta. Manya kuma su nisanci shagalin dare, domin masu bikin har al'ada gare su ta tsoma ganyen cikin kofin giya na ƙarshe.

Wallahu a'alam.