Amfilifayar hedifon: a ɗauki ta asali ko wadda aka ƙara wa kaya?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina aikin gyaran sauti a wani ɗan situdiyo a Kaduna, galibi wa'azi da tallan rediyo. Hedifon ɗina Audio-Technica ATH-M50x ne. Yayana da ke Amurka ya samo amfilifaya (na'urar ƙara wa hedifon ƙarfin sauti) biyu na hannu, Schiit Magni 2 da Magni 2 Uber, ya ce in zaɓi ɗaya kafin ya taho gida. Uber ɗin ta fi tsada, mai sayarwa kuma ya ce ta fi ƙarfi. Wacce zan ɗauka?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Mai sayarwar bai yi ƙarya ba, amma bai faɗa maka gaskiyar duka ba. Lokacin da Schiit ya fito da su a ƙarshen 2014, Magni 2 dala 99 ce, Uber kuwa dala 149. A hedifon mai om 32 (om shi ne ma'aunin yadda hedifon ke turje wa wuta), ta farko tana ba da wat 1.2, ta biyu wat 1.5. A takarda wannan kamar babban bambanci ne. A kunne kuwa, ko da an ninka ƙarfin wuta sau biyu, ƙarin ƙarar da ake samu desibel 3 ne kacal (desibel shi ne ma'aunin ƙarar sauti). Tsakanin 1.2 da 1.5 bai fi desibel 1 ba, abin da da ƙyar za ka lura da shi ko da ka rufe ido kana kasa kunne.

Kuma hedifon ɗinka ba mai cin wuta ba ne. M50x om 38 ne, kuma kashi ɗaya cikin dubu na wat ma ya isa ya kai shi kusan desibel 99, ƙarar da ba ta da kyau ga kunnen mutumin da ke wuni da hedifon a kai. Wato da kowacce daga cikin biyun, makunnin ƙara ba zai wuce rubu'in hanya ba kafin kunnenka ya fara neman afuwa. Da a ce Sennheiser HD 600 kake da shi, mai om 300, ko Beyerdynamic DT 770 Pro samfurin om 250, da na ce amfilifaya ta zama dole, amma ko a nan ɗin Magni 2 ta asali za ta tura su ba tare da gumi ba.

Abin da ya raba su a zahiri yana bayan akwatin. Uber tana da ramukan fitar da sauti zuwa lasifika masu nasu wuta, ta yadda makunni ɗaya zai riƙa juya ƙarar hedifon da ta lasifika. Ga mai situdiyo wannan abu ne mai amfani. Idan kana da lasifikan aiki a kan tebur, ko kana niyyar saya bana, ɗauki Uber. Idan hedifon kaɗai za ka riƙa sa wa, ɗauki ta asali, ka ajiye ragowar kuɗin. Murfin aluminiyam da aka yi wa Uber ado ne, ba ya taɓa sauti.

Yanzu ga abin da ya fi duk waɗannan muhimmanci, kuma mutane da yawa sai sun ji ƙaurin wuta suke tunawa da shi. Magni ba ta amfani da irin cajar wayar nan mai karɓar kowace wuta. Adaftarta ƙaramar taransifoma ce, kuma wadda ake sayarwa a Amurka an yi ta ne don wutar bolt 120. Wutarmu ta Najeriya bolt 230 ce. Ka cusa ta kai tsaye a soket ɗinka, ta tafi kenan. Ka ce wa Yaya ya nemo adafta ta bolt 230, ko ka tanadi na'urar rage wuta kafin ka kunna. Ka kuma duba rubutun jikin adaftar da idonka, kar ka dogara da maganar kowa.

Tambaya: Malam, ni kuma a wani shago na ga amfilifaya biyu na kamfanin FiiO, K5 Pro da K5 Pro ESS. An ce ESS ɗin ingantacciya ce. Haka ne? Daga wata mai karatu a Zariya.

Amsa: Malama, wannan “ingantawa” tilas ce ta haife ta. K5 Pro ta farko tana ɗauke da ƙwayar sarrafa sauti AK4493 ta kamfanin AKM na Japan. A watan Oktoba na 2020 gobara ta tashi a masana'antar AKM da ke Nobeoka, ƙwayoyin suka yi ƙaranci a duniya, kamfanoni da dama suka koma wa ESS, wani kamfanin da ke yin irin waɗannan ƙwayoyi. Shi ya sa FiiO ya sake fito da ita da ƙwayar ES9038Q2M. Duka ƙwayoyin biyu sun wuce iyakar abin da kunnen ɗan'adam ke iya bambancewa. Masu gardama a intanet za su ce ɗaya ta fi “ɗumi”, ɗaya ta fi “kaifi”. Ni dai ban ga dalilin biyan ƙarin kuɗi saboda wannan ba.

Ki zaɓi wadda ta fi lafiya, mai kwalinta da adaftarta ta asali. Ki je da hedifon ɗinki shagon, ki sa shi, ki rage ƙara can ƙasa ki ji ko kunnen hagu da na dama suna fita daidai, sannan ki juya makunnin a hankali ki saurara ko yana ƙaraf-ƙaraf. In yana yi, ki bar ta, ko da ESS aka rubuta a goshinta.