Ki fara neman takardar gwajin naman da aka cire

Wa'alaikumus salam 'yar'uwa, Allah Ya ba Hajiya lafiya. Kin ce kansar nono ce, an yi mata kemo (maganin kashe ƙwayoyin kansa) kafin tiyata, ƙullutun ya narke, an cire nonon, yanzu kina son sanin ko ciwon zai bazu. Ni ma na sha zaman bencin asibitin Shika da yayata, da asuba muke barin Tudun Wada.

Mu da muka ji ƙullutun yayata ya ɓace har waina muka soya sadaka. Likita ya bari muka gama murna, sannan ya ce abin da hannu bai ji ba, madubin gwaji yana gani. Naman da aka cire ake kaiwa histoloji, wato ɗakin gwajin da ake duba shi da madubi. (Gwaggonmu ta so a karɓo shi a binne, da ƙyar muka shawo kanta.) In ba a samu sauran ciwon ba, a nonon da kaluluwar hammata duka, za ki ga an rubuta pCR, kuma haɗarin dawowarsa ya ragu ƙwarai. In da saura, sai a duba girmansa da yawan kaluluwar da ta kamu. Yayata kaluluwa 2 cikin 11 aka samu sun kamu. Wani ɗakin gwaji ya riƙe mana sakamakon mako 5, kullum "ku dawo jibi". Da ya fito, a jakata takardar ta zauna har ta yage a ninki.

Sai nau'in ciwon, wato ER, PR da HER2, alamomi uku da ake dubawa a jikin ƙwayoyin ciwon don zaɓen magani. Na yayata duka ukun babu, irin wanda in zai dawo ya fi dawowa cikin shekara 3 zuwa 5 na farko, ga kuma saura da aka samu, shi ya sa aka ɗora ta kan Xeloda, kemo na ƙwaya, wata 6. Mai ER kuwa Tamoxifen ko makamancinsa ake sha shekara 5 zuwa 10, don shi yakan yi lamo, ya waiwayo bayan an manta da shi. Mai HER2 allurar Herceptin ce.

In ciwon zai bazu, ƙashi, huhu, hanta da ƙwaƙwalwa ya fi zuwa. Ciwon baya da ya ƙi tafiya, tarin da ba na mura ba, ciwon kai mai naci, ko ido ya yi rawaya, kada ku jira ranar ganin likita, ku tafi. Ranar da za ku koma ki riƙe takardar, ki ce likita ya nuna miki layin kaluluwa da na ER.